Hawainiya a Akwatin Amarya

"Ajiye salatif ɗin nan, Sibonelo!"

"Kwali fa zan liƙe..."

"Ajiye na ce!"

Ya tsaya, salatif a hannun dama, ɗan kwali a hagu. Ta cikin ledar da ke fuskar kwalin, wani mutum-mutumi mai kan hawainiya yana zare masa jajayen idanu.

Thobeka ta tsallake tukwane biyu da jakar takalma, ta karɓe kwalin da hannu bibbiyu. Ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta hure ƙurar da babu ita.

"Shekara goma sha bakwai salatif bai taɓa jikin kwalin nan ba. In ka liƙa ka ɓare, fentin ya bi shi. Shi ke nan ka kashe shi."

"Na kashe roba?"

"Ka kashe Sajan Hawainiya!"

"Thobeka, shekara shida ina kwashe wa mutane kaya daga gida zuwa gida. Na sauko da firji daga hawa na tara. Na ɗauki wata tsohuwa da kujerarta don ta ƙi tashi. Ke ce za ki koya min ɗaurin kaya?"

"Ba kai ka yar min da kwali a matakala ba, ranar da na tare a ɗakin nan?"

"Da ban yar ba, da yanzu ba ki san sunana ba."

Gaskiya ya faɗa. Ranar har bakin mota ta bi shi da masifa. Ya nemi lambarta don ya kira ya ba da haƙuri. Shekara uku ke nan yana bayarwa.

Yau Laraba. Ranar Asabar za a yi bikin barguna a gidansu Sibonelo da ke Umlazi, can bakin teku. Shanun aure sun daɗe da isa, amma sai amarya ta shiga da akwatinta ta lulluɓe dangin miji da bargo ɗaya bayan ɗaya kafin a kira ta matar gida. In ba a yi ba, baƙuwa ce ko da ta haifi goma.

Ɗakinta na Johannesburg kuwa ya zama kasuwa.

Ta ɗaga wata tukunya. Ta ƙame.

"Mene ne wannan a ƙarƙashi?"

"Littattafanki na zane. Na danne su don kada su lanƙwashe."

"A kwance?! Da tukunya?! Ka kuma naɗe su da jarida?"

"Da jarida muke naɗe faranti..."

"Tawadar jarida tana zuba, Sbo! Kowanne ledarsa daban, da ɗan kwali mai tauri a bayansa. A tsaye ake jera su, kamar 'yan makaranta. Ba a matse su, ba a bar su suna rawa. Sau nawa zan faɗa?"

"Ni ko sau ɗaya ba ki taɓa sa ni a leda ba."

"Kai ruwa ba ya ɓata ka."

"Ki faɗi gaskiya dai. In gobara ta tashi, wa za ki fara fitarwa? Ni ko hawainiya?"

Ta dubi kwalin da ke hannunta.

"Thobeka!"

"Ai kai kana da ƙafa..."

Bai kai ga amsawa ba wayarsa ta yi ƙara. Mahaifiyarsa ce, MaNgcobo. Hannunsa duk salatif, sai ya danna da gwiwar hannu, muryar ta cika ɗakin.

"Sibonelo, kana tare da 'yar Johannesburg ɗin nan?"

"Tana jin ki, Mama."

"Gwamma ta ji. Nompilo ta nuna min hoton ɗakinta a waya. Gumaka jere a bango, wani da ƙaho, wani da wutsiya. Gidana gidan addu'a ne. Ko ɗaya kada ya ƙetare min ƙofa."

"Mama, kayan wasa ne..."

"Mace mai shekara ashirin da bakwai tana wasa? Akwatinta, bargunanta, tukwanenta, su na sani. In na ga gunki a gidana, na rantse za ta koma da bargunanta yadda ta zo da su!"

Ƙit.

Nompilo 'yar maƙwabtansu ce. Tare suke waƙa da MaNgcobo a coci. Shekara biyar tana kai mata fanke da zafinsa kowace Lahadi, kuma duk unguwar ta san ba don tsohuwar take soyawa ba.

Thobeka ta zauna a kan buhun barguna, kwalin na cinyarta.

"Duk waɗanda na saya da kaina, kawuna Malume Fana ya ce in jibge su a garejinsa. Na yarda. Amma littattafai goma sha biyun nan da mutum-mutumi bakwai na Baba ne."

Sibonelo ya durƙusa a gabanta. Ya san labarin. Mahaifinta gadi yake yi a wata maɗaba'a. Duk ƙarshen wata yakan dawo da littafi ɗaya a cikin rigarsa, ya sa ta wanke hannu sau biyu, su zauna a bakin gado yana yi mata muryar kowa. Mutum-mutumin kuwa bai taɓa bari an buɗe su ba. Tana aji huɗu a sakandare ya rasu.

"Rabin raina, ki bar su wata biyu kawai. In Mama ta huce..."

"Garejin Malume akwai ɓeraye."

"To motar fa? A-kori-kura ce, bayanta a buɗe, ga damina. Awa shida a hanya. Na san yadda yaran aikinmu ke jifa da kwali."

"Na san wanda ya koya musu."



Idonta ya sauka a kan akwatin aurenta da ke jikin bango. Katako mai kauri, ƙafafu huɗu, ɗan madubi a gaba, kwaɗo sabo.

Ta miƙe a hankali.

"Sbo... ka taɓa ganin an jefar da akwatin amarya?"

"Wa zai fara? Maza huɗu ke ɗauka, suna tafiya kamar masu ciwon baya."

"Ana bari ruwa ya taɓa shi?"

"Tamfol biyu ake... A'a. A'a, Thobeka!"

"Ranar Juma'a za mu isa. Ka buɗe min sabon ɗakinmu da ke ƙuryar gidanku, in kwashe su in tura ƙarƙashin gado. Asabar akwati ya fito da barguna zalla. Wa zai sani?"

"Mama tana jin ƙanshin ƙarya tun daga titi."

"Kana sona?"

"Wannan ba tambayar adalci ba ce."

"Miƙo min bargo."

Suka yi aikin har la'asar. Littattafan suka shiga ɗan ƙaramin kwali a tsaye, ta zuba musu 'yan ƙullin nan masu shanye laima, don iskar bakin teku ba ta da mutunci. Ta ajiye kwalin a ƙasan akwati, matashi a dama, matashi a hagu. Sannan ta ɗauko barguna bakwai mafiya laushi, waɗanda aka saya don manyan gidan, kowanne da sunan mai shi a liƙe, ta naɗe kowane mutum-mutumi da kwalinsa a cikin ɗaya. Bargo na takwas ta shimfiɗa a sama, ba komai a cikinsa.

Sibonelo ya girgiza akwatin. Ko motsi.

"Kai," ya ce. "A wurin aikinmu ma ba mai ɗauri haka."

"Maimaita."

"Ba zan maimaita ba."

Ta sumbaci goshinsa, ta ɓare guntun salatif daga gemunsa. Ya yi ƙara.

Shi ya riga su tafiya. Ita da danginta suka taso ranar Juma'a da safe, mota biyu, ruwan sama yana bin su tun daga kan tsauni. Kowane rami Malume Fana ya faɗa, sai Thobeka ta dafe ƙirji.

"Malume, a hankali!"

"Barguna ne fa, 'yata, ba ƙwai ba."

"Bargo ma yana jin jiki."

Ya kalle ta ta gefen ido. Ya ɗauka ruɗin aure ne.

Aka sauke su a gidan wata 'yar cocinsu, layi biyu daga gidan ango. Thobeka ta koma gefe ta kira Sibonelo a waya.

"Ina makullin?"

Ya hau gyaran murya.

"Sibonelo."

"Kin san an aike ni wajen yanka sa... sai na bar shi a hannun mai kula da ɗakuna."

"Wa?"

"Nompilo."

"Me ka ce mata?"

"Ba komai! Cewa kawai na yi ta buɗe miki da kin iso, don akwai abin da za ki fitar daga akwati kafin Mama ta gani."

Thobeka ta jingina da bango.

"Sbo, in na kashe ka yau, gobe wa zan aura?"

Ta aika aka kira Nompilo. Ta zo da murmushi, da faranti a rufe.

"Sannu da hanya, 'yar'uwa! Ga ɗan fanke. Wayyo, makullin nan... tun safe nake nema. Kamar ƙasa ta haɗiye."

"To zan buɗe akwatin a nan."

"A nan?" Nompilo ta ɗaga murya yadda tsofaffin da ke falo za su ji. "Amarya za ta buɗe akwatinta a gidan wasu kafin gobe?"

Anti Dudu, ƙanwar mahaifiyar Thobeka, ta fito da gudu, zani a hannu.

"Wa? Wace? Ba a danginmu ba! Kawo makullin akwatin nan!"

Ta karɓe ta jefa a rigar mamanta. Sannan ta ja kujera ta zauna a gaban akwatin, ta naɗe hannu.

Nompilo ta ajiye farantin.

"Ki ci tun da zafi, 'yar'uwa."

Asabar ta waye da rana tas. Gidan MaNgcobo ya cika har kan katanga. Hayaƙin nama, manyan tukwane uku a kan wuta, mata suna guɗa. Maza huɗu suka shigo da akwatin a kafaɗa, dangin amarya na biye da waƙa.

Thobeka tana tsakiya. Siket ɗin fata mai nauyi, jar hula mai faɗi, duwatsu har gwiwar hannu. Kanta a ƙasa, kamar yadda ake so amarya ta yi a gaban surukai. Mutane suna cewa kai, yarinyar nan akwai kunya.

Addu'a take yi.

Ta zauna a tabarma kusa da akwatin. Anti Dudu ta zaro makulli daga inda ta ajiye shi.

"Anti," Thobeka ta raɗa, "in kin ɗauko bargo, ki fara miƙo min..."

"Rufe baki. Amarya ba ta magana."

Aka kira sunan farko. Gogo, kakar ango, mai shekara tamanin da wani abu. Ta taka da sandarta ta kwanta a tabarmar tsakar gida. Anti Dudu ta ɗauko bargon sama ta lulluɓe ta. Gogo ta yi minsharin ƙarya, ta tashi, ta taka rawa da ƙafa ɗaya. Gida ya ɗauki guɗa.

Aka kira MaNgcobo.

Ta zo da farar rigar coci, fuska a ɗaure, ta kwanta kamar wadda aka tilasta wa shan magani. Anti Dudu ta ɗago bargo na biyu, naɗaɗɗe. Ta ɗan auna shi a hannu.

"Kai, wannan da nauyi. Mai tsada ne."

Daga cikin 'yan waƙa muryar Nompilo ta fito, zaƙi kamar zuma.

"A girgiza shi mana, mu ga kyansa!"

"A girgiza! A girgiza!"

Anti Dudu ta kama gefe biyu ta watsa shi sama.

Kwalin ya tashi.

Ba wanda ya ga lokacin da Thobeka ta bar tabarmarta. An dai ga jar hula ta yi gabas, amarya ta yi yamma, hannu biyu a miƙe.

"Sajaaan!"

Ta cafe shi kafin ya taɓa ƙasa. Ita kuma ta sauka a kan uwar mijinta, ciki a kan ciki.

MaNgcobo ta buɗe ido. Tsakanin hancinta da jajayen idanun hawainiya bai kai faɗin yatsa biyu ba.

Ihun da ta yi, sai da karnukan layi uku suka amsa.

"Yesu! Hawainiya! Hawainiya a ƙirjina! Ta zo kashe ni a gidana!"

Mata suka watse. Wani tsoho ya tofar da yawu ta bayan kafaɗa. A unguwar nan ko a hanya mutum ya gamu da hawainiya sai ya sake hanya, balle ranar biki, balle a cikin bargon uwar miji.

Nompilo ta riga kowa isa akwatin.

"Mama, ba ɗaya ba ne! Ku duba!"

Ta dinga warware barguna. Mai ƙaho. Mai fiffike. Wata mace mai hannu huɗu. Ta jera su a tabarma, bakwai cif.

"Kowane babba a gidan nan da nasa. Har da sunan wanda za a lulluɓa a jikin bargon!"

Anti Dudu ta ɗora hannu a ka. Malume Fana ya fara laluben makullin motarsa.

MaNgcobo ta miƙe, ɗankwali a karkace, tana haki.

"Na faɗa ko ban faɗa ba? A zuba su a wuta! In ba haka ba, ta kwashe bargunanta da akwatinta ta bar min gida. Yanzu!"

Nompilo ta sunkuci biyu ta nufi murhu.

"Nompilo."

Sibonelo ne. Ya fito daga cikin maza da fatar damisarsa a kafaɗa, ya tare hanya.

"Yaya Sbo, don lafiyarka nake..."

"Kina matse kwalin. Kawo."

Ya karɓa ya mayar tabarma. Ya juya wajen mahaifiyarsa. 

"Mama, da hannuna aka naɗe su. In akwatin nan zai bar gidan nan, to da ni a ciki zai fita."

Ya ɗaga ƙafa ya zura a akwatin.

"Kada ka taka littattafan!" Thobeka ta ƙwalla.

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama.

"Masoyiya, ina ƙoƙarin mutuwa dominki ne fa."

"Ka mutu ta gefen hagu, akwai matashi!"

Wani ya tuntsire da dariya a bayan taro, aka make shi.

Sanda ta daki ƙasa sau biyu. Gogo ce, bargonta a kafaɗa.

"Fitar da ƙafarka, sakarai. Akwatin mace ba wurin ƙafar namiji ba ne." Ta leƙa ciki. "Waɗanne littattafai?"

Sibonelo ya fito da ɗan kwalin ya ajiye a gabanta. Gogo ta zauna a kujera ta dubi amarya.

"Makoti, amaryarmu, matso. Na ba ki izinin magana. Mene ne waɗannan?"

Thobeka ta matso a kan gwiwa. Ba hula, gashi duk ƙura.

"Na babana ne, Gogo. Labarai ne da aka zana. Waɗancan kuma mutanen cikin labarin ne, roba ce kawai." Ta dubi kwalayen da ke tabarma. "Bai bar gida ba, bai bar saniya ba. Su ya bari. Kowace amarya ubanta ne ke rako ta har ƙofa... ni ba ni da wanda zai rako ni. Shi ne na sa shi a akwati."

 Anti Dudu ta ja majina.

"Daɗin baki!" in ji MaNgcobo, amma muryar ta ragu.

Gogo ta dubi yarinyar.

"Ni da na zo gidan nan, da lofen ubana na zo a ƙasan akwatina. Har yau yana nan. Abin da mace ta sa a akwatinta, tsakaninta da mutanen gidansu ne." Ta ɗaga yatsa. "Amma hawainiya hawainiya ce. Sai na gani da idona. In asiri ne zan gane, na binne masu asiri da yawa. Wanne ne littafin farko?"

Sibonelo ya zaro na ɗaya ya miƙa mata, a cikin ledarsa.

Gogo ta juya ledar, ta nemi baki ta rasa. Ta kai ta wajen haƙoranta biyu da suka rage.

Thobeka ta ji kamar ana zare mata jijiya. Tun rasuwar mahaifinta hannun kowa bai taɓa takardar nan ba. Ita kanta sai da safar hannu. Ta dubi yatsun Gogo. Yanzun nan aka ba tsohuwar hanta gasasshiya.

Ta dubi Sibonelo. Yana tsaye, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan ya faɗa akwati.

"Kawo, Gogo," ta ce. "In buɗe miki."

Ta buɗe ledar da kanta. Ta zaro littafin, ta cire kwalin bayansa, ta ɗora shi tsirara a tafin tsohuwar.

Gogo ta lashi yatsa.

Thobeka ta runtse ido.

Shafi ya juya. Wani ya sake juyawa. Sibonelo ya durƙusa kusa da ita ya raɗa mata, "Yi numfashi, rabin raina."

"Ta sake lasa?"

"Sau uku."

"Kada ka ƙirga min."

Gogo ba ta taɓa shiga aji ba, amma hoto ba ya buƙatar aji. Ta kai littafin kusa da hanci.

"Au! Ashe ɗan sanda ne... Kun ga ya zama kalar bango, ɓarawon bai gan shi ba! Hehe! Wannan mai ƙahon ne mugun? Da ganin idonsa." Ta ɗaga kai. "Me suke cewa a cikin 'yan balan-balan ɗin nan? MaNgcobo! Zo ki karanta min."

"Mama, ni? Littafin gumaka?"

"Ke ce kike karatu a coci kamar rediyo. Zauna."

Ba a musu da Gogo. MaNgcobo ta zauna a bakin tabarma, ta riƙe littafin da yatsa biyu kamar mataccen ɓera. Ta gyara murya irin ta ranar Lahadi.

"Sai... Sajan Hawainiya ya ce, saki yarinyar nan, ya kai azzalumi."

"Amin," in ji wata tsohuwa, bisa sabo.

"Sai azzalumin ya ce, ha, ha, ha."

"Ba haka ake dariyar mugunta ba," in ji Gogo. "Sa rai."

MaNgcobo ta sa rai. Yara suka matso. Maza suka baro nama. A shafi na goma ta daina riƙewa da yatsa biyu. A na sha biyar ta miƙe tsaye.

"Juya, wawa! Yana bayanka! Kai, wannan ɗan sandan zai kashe ni!"

Nompilo ta matso ta taɓa kafaɗarta.

"Mama, wutar tana jira..."

"To je ki juya tuwo mana, kin tsaya min a haske! Kuma makullin ɗakin yaran nan da na gani a jakarki, ki ajiye shi a kan tebur."

Nompilo ta zaro makullin ta ajiye. Ta tafi wajen tukwane, ba ta ƙara waƙa ba ranar.

A shafin ƙarshe Sajan yana rataye a jikin gada da hannu ɗaya. MaNgcobo ta juya bangon baya, ta sake juyowa.

"Ina sauran?"

"Yana cikin na biyu, Mama," in ji Thobeka.

Gogo ta buga sanda.

"Na gama dubawa. Ba asiri ba ne. Wanda ke ceton 'ya'yan mutane ba ya cin uwar miji. A ɗauke mutanen ubanta a kai su ɗakinta, da ladabi. Ke kuma MaNgcobo, koma ki kwanta, ba a gama lulluɓe ki ba."

MaNgcobo ta kwanta. Wannan karon Thobeka ce ta ɗauki bargon da kanta ta rufa mata, har wuya. Daga ƙarƙashi aka ji murya ƙasa-ƙasa.

"Mai hawainiyar dai a juya fuskarsa bango."

"To, Mama."

Guɗa ta tashi. MaNgcobo ta miƙe ta taka rawa, littafin na hannunta.

Aka lulluɓe sauran dangi. Aka kwantar da ango a shimfiɗa, amarya ta wanke masa ƙafa ta rufe shi, 'yan matan gidansu suka rufar masa da tsumagu har ya tsere da takalmi ɗaya. Aka ci nama. Malume Fana ya sha ya yi jawabi sau biyu.

Da la'asar zafi ya sauko. Thobeka ta zo da tire, a kan gwiwa, ta kawo wa uwar mijinta shayin farko a matsayin matar gida. Sibonelo yana bayanta da sukari, bakinsa har kunne.

MaNgcobo tana zaune a inuwa tare da Gogo, gumi na bin wuyanta. Ta karɓi kofin, ta kurɓa, ta gyaɗa kai.

"Ba laifi. Kin iya shayi."

Sannan ta ɗauko littafin nan na ɗaya daga cinyarta. Ta ninke shi biyu a tsaye, ta murje ninkin da babban yatsa don ya zauna sosai, ta shiga yin fifita da shi.

Wani ɗan sauti ya fita daga maƙogwaron Thobeka. Hawaye suka zubo, biyu-biyu. Sibonelo ya ajiye sukarin ya kama gwiwar hannunta da ƙarfi.

MaNgcobo ta dakata da fifitar. Ta dubi amarya, ta dubi ɗanta, ta dubi Gogo.

"Makoti, ba an shirya ba? To kukan me kike yi kuma?"